Hurumin Ruwa: Darasi Daga Bakin Teku Zuwa Gulbinmu



A zagayen da muke yi a ƙauyukan 'Yandoto, Tsafe, Gusau da Bungudu, akwai kukan da muke yawan ji daga bakin dattawa. Sukan ce a dā idan ruwa ya janye bayan damina, yaro yakan je gurbi da ƙwarya ya dawo da tarwaɗar da za ta ishi gida miya. Yau kuwa magidanci yakan wuni cikin ruwa, ya fito da 'yan ƙananan kifaye waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. Mata su ma suna kukan tsadar kifi a kasuwa. Gidaje da yawa sukan yi makonni yara ba su ɗanɗana kifi ko nama ba, alhali jikin yaro yana bukatar irin wannan abinci domin ya yi girma da ƙarfi.

Ba mu kaɗai ne muke wannan kuka ba. Masunta na bakin teku sun riga mu yin sa, kuma a wurare da dama sun sami hanyar da ta taimake su. Hanyar ita ce keɓe wani sashe na ruwa a bar shi ya huta. A wannan fitowa za mu bayyana yadda abin yake aiki, inda ya yi nasara, inda ya kāsa, da kuma yadda ƙauye ɗaya zai iya gwada shi.

Ina ruwanmu da teku?

Wani zai ce, mu da ba mu taɓa ganin teku ba, ina ruwanmu da ita? Amsar ita ce ruwanmu yana cikinta. Ruwan saman da ya sauka a gonakinmu yakan bi koramu ya shiga gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau. Daga nan ya wuce madatsar Bakolori, ya haɗu da gulbin Rima kusa da Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa cikin Kwara, wato kogin Neja. Kwara kuma ta bi ta Yawuri da Kainji, ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, ta gangara har ta rarrabu zuwa rassa da yawa a yankin Neja Delta, ta zuba cikin tekun Atalantika. Ƙasar da ruwa ya zaizaye daga gonarmu, da ledar da muka yar a korama, da ragowar maganin feshi, duk wannan hanya suke bi.

Abin da na sama ya yi kuwa, na ƙasa ne yake ji a jikinsa. Bayan an kammala madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da takan cika fadamun da ke ƙasa da ita kowace shekara ta ragu. Noman shinkafa a fadamun ya ja baya, kamun kifi ma haka.

Teku ita ma tana aiko mana da nata. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwar Gusau daga teku yake. Haka ma jatan lande da mata suke dakawa su zuba a miya. Idan kifi ya yi ƙaranci a can, tsadarsa tana iske mu a nan.

Mene ne hurumin ruwa?

Dukanmu mun san hurumi. Fili ne da gari ya keɓe, ba mai noma shi, domin amfanin kowa. Mun san gandun daji, mun san burtali. To, abin da ake yi a tudu shi ne ake yi a ruwa. Akan zaɓi wani sashe na teku ko bakin teku, a shata iyakarsa, a sa masa doka. A wani wurin akan hana su gaba ɗaya. A wani wurin akan rufe na wasu watanni ne kawai. A wani kuma akan bar ƙananan masunta su ci gaba, amma a hana manyan jirage masu jan taru a ƙarƙashin ruwa.

Dalilin yin haka kowane manomi zai gane shi. Ko yunwa ta yi tsanani, mai hankali ba ya cinye irinsa. Kifi ma yana da iri, kuma irinsa shi ne manyan iyayen kifi. Babbar uwar kifi ɗaya tana zuba ƙwai da ya ninka na ƙananan kifaye sau da yawa. Idan aka kame manyan duka, aka kuma tace ƙananan da raga mai ƙananan idanu, an cinye iri ke nan.

A cikin hurumi abubuwa uku suke faruwa. Na farko, kifi yana samun damar girma har ya kai haihuwa. Na biyu, ciyawa da saiwoyi da duwatsun da 'ya'yan kifi suke ɓuya a ciki suna komawa yadda suke. Na uku, da yake kifi bai san iyaka ba, idan ya yi yawa a ciki sai ya bazu waje, masuntan da ke kewaye su kama. Ashe hurumi ba asara ba ce ga masunci, rumbu ne.

A bakin tekun Nijeriya, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 850, akwai wasu itatuwa da ake kira mangurof. Suna tsirowa cikin taɓo inda ruwan gishiri da ruwan daɗi suke haɗuwa, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Kurmin waɗannan itatuwa na Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka. A cikin saiwoyinsu ne kifi da jatan lande da ƙaguwa suke renon 'ya'yansu. Su ne kuma suke riƙe ƙasa, suna rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gidaje. Inda gaɓa ta rasa abin da zai riƙe ta, teku takan ci gari. Garin Ayetoro na Jihar Ondo, wanda wata jama'ar Kirista ta kafa a 1947, ya rasa babban ɓangarensa, har da gidaje da makarantu, saboda shigowar teku. Gyara kuwa ya fi ɓarna wuya. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bincike kan malalar man fetur a ƙasar Ogoni, ta ce maido da wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Gaskiyar masu magana, rigakafi ya fi magani.

Inda aka gwada

A ƙasar Muritaniya an keɓe gaɓar Bank Dargin tun 1976. Ba a kori mutanen wurin ba, wato masuntan Imragen. An bar su su ci gaba da su da jiragensu masu tafiya da iska, aka hana jirage masu inji shiga. Wurin ya zama makwancin 'ya'yan kifi da ke ciyar da masunta na nesa, da masaukin ɗimbin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi.

A Senegal gwamnati ta ayyana wurare biyar na bakin teku a 2004. Ɗaya daga ciki, Bambung, mashigin ruwa ne a yankin Salum, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye ne suke gadinsa da kansu. Bayan 'yan shekaru aka ga manyan kifayen da suka yi wuyar gani sun dawo.

A ƙasar Meziko akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Kabo Pulmo. Da mutanensa suka ga kifi ya ƙare, su da kansu suka nemi a keɓe ruwansu, aka yi haka a 1995. Masana sun auna kifin wurin a 1999, suka sāke aunawa a 2009, suka tarar nauyinsa ya ninka fiye da sau biyar.

Ƙasashen duniya ma sun yi alkawura a kan wannan. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna da bakin ruwa a garin Ramsar na ƙasar Iran. Wuri na farko da Nijeriya ta sa a cikin jerin, a shekara ta 2000, a arewa yake, wato tafkin Nguru. A 2008 aka ƙara wasu, har da kurmin Apoi a Bayelsa, da Baturiya a Jigawa, da Dagona a Yobe, da tafkin Maladumba a Bauchi. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa guda 10, cikinsu akwai Apoi da Edumanom na Bayelsa. A watan Disamba na 2022 kuma, a birnin Montiriyal na Kanada, ƙasashe suka amince za su kare kashi 30 cikin 100 na tudu da teku kafin 2030. Da sauran tafiya, domin a 2024 abin da aka keɓe na teku bai wuce kimanin kashi 8 cikin 100 ba.

Kakanninmu sun san wannan

Kada mu ɗauka wannan dabarar baƙi ce. Misali mafi kusa da mu yana kan ruwan nan da ya wuce ta ƙofarmu. A Argungu akwai sashen gulbi da ake kira Matan Fada. Bisa al'ada ba a su a wurin sai ranar da aka buɗe shi, kuma Sarkin Ruwa ne mai lura da wannan doka. Bikin kamun kifi na Argungu a yadda aka san shi yau ya samo asali ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci garin. Ranar biki dubban masunta sukan faɗa ruwa da homa da gora. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

Mu yi tambaya: daga ina kifi mai kilo 75 zai fito? Ba zai fito daga ruwan da ake tacewa kullum ba. Hutun da ake ba wurin ne yake ba kifi damar girma. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa haka abin yake a dā. Akwai gurbin da ba a taɓawa sai sarkin ruwa ya sa rana, gari duka ya fita su tare. Abin da ya ɓace mana ba ilimin ba ne, biyayya ga dokar ce.

Inda abin yake kāsawa

Ya kamata mu faɗi gaskiya, ba kowane hurumi ne yake yin amfani ba. Akwai wuraren da suke a takarda kawai, ba mai gadi, ba mai bin doka. Ba sai mun je nesa ba. Dajin Kuyambana a nan jiharmu an keɓe shi domin namun daji tun shekarun 1970. Amma da kulawa ta yi rauni, sai masu saran itace da mafarauta suka shiga, daga baya kuma ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Dukanmu mun san abin da wannan ya jawo wa ƙauyukanmu.

Akwai kuma wuraren da aka shata iyaka daga ofis ba tare da an tambayi masu ci daga wurin ba. Mutumin da aka hana abincinsa ba a nuna masa wani ba, da dare zai dawo. Idan muka duba wuraren da suka yi nasara, abu ɗaya ne ya haɗa su: mutanen wurin suna cikin masu yin dokar, su ne masu tsaronta, su ne kuma masu cin amfaninta.

Abubuwan da suke kashe ruwanmu

Kafin mu yi maganar gyara, mu dubi ɓarnar da muke yi da hannunmu.

Zuba guba. Wasu sukan zuba gamalin ko maganin feshin gona a gurbi domin kifi ya taso. Wannan yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai, yana cutar da dabbobin da suka sha ruwan da mutanen da suka ci kifin.

Su da gidan sauro. An raba shi ne domin kare yara da mata masu ciki daga zazzaɓin cizon sauro. Idan aka ja shi a ruwa ba ya barin ko ɗan kifi ɗaya, ga shi kuma an bar yara ba kariya.

Noma har bakin ruwa da sare itatuwan gaɓa. Idan gaɓa ta zama tsirara, ruwa yakan kwashe ƙasa ya cike gurabu masu zurfi da yashi. Gurbin da ya cike yakan ƙafe da rani, kifi ya rasa wurin jiran damina.

Wanke ƙasar zinariya da wanke tankin feshi a ruwan da ake sha. Ba za mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Abin da ya shiga ƙasa da ruwa, a jikin yaranmu yake ƙarewa.

Yadda ƙauye zai fara

1. A fara da shawara. A je wurin mai unguwa da dagaci da sarkin ruwa idan akwai. Ruwa ba na jama'a ɗaya ba ne, saboda haka a gayyaci kowa: masunta, masu noman rani, makiyaya, mata masu wanki da ɗiban ruwa, masu ɗiban yashi, da maƙwabtanmu Musulmi da limamansu. A tuna da ƙauyen da ke sama da wanda ke ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. A saurari tsofaffi. Su ne suka san gurbin da ba ya ƙafewa, da inda kifi yake zuba ƙwai, da irin dokar da ake bi a dā.

3. A zaɓi ƙaramin wuri. Gurbi ɗaya mai zurfi ya isa a fara da shi. Ya kasance kusa da gari inda ido yake kai. A halin da muke ciki kada a tura matasa gadi cikin daji, balle da dare. Ran mutum ya fi kifi.

4. Kada a toshe mashaya. Hurumin na hana su ne, ba na hana shan ruwa ba. A bar hanyar da dabbobi za su sauka su sha, a nuna ta a fili. Idan aka manta da wannan, abin da aka fara domin alheri zai iya zama sanadin faɗa.

5. A sa alama. A shafa wa duwatsu fenti ko a kafa turaku, yadda baƙo ma zai gane iyaka.

6. A yi doka kaɗan mai sauƙin riƙewa. Misali: ba su a cikin gurbin sai ranar da aka sa. Ba guba ko gidan sauro a ko'ina cikin ruwan gari. Ba raga wadda yatsu biyu ba za su shiga idonta ba. A sassauta su da farkon damina, domin lokacin ne tarwaɗa da sauran kifaye suke bin sabon ruwa su hayayyafa. A yarda da tarar da za a ci wanda ya karya, kuma ta hau kan kowa, ɗan talaka da ɗan mai gari.

7. A rufe gaɓa. A bar taki goma ko fiye daga bakin ruwa ba noma. A dasa jema domin saiwarta tana riƙe ƙasa, a bar giyayya da malmo da ɓaure su tsaya. Inuwarsu tana sanyaya ruwa.

8. A tuna da wanda zai fi jin jiki. A shekarar farko masuncin da ba shi da gona mai yawa shi ne zai yi rashi. A ba shi kaso mafi girma ranar buɗewa, ko a sa shi cikin masu lura da wurin, ko ƙungiyar adashi ta taimake shi da jari. A kuma ware rabon gwauraye da marayu tun kafin a shiga ruwa.

9. A rubuta. A sami littafi ɗaya, wani ɗan makaranta ya riƙa rubuta yawan kifin da aka kama ranar buɗewa, da irinsa, da girman mafi girma. Bayan shekara biyu ko uku littafin ne zai nuna ko ana ci gaba, ba gardama ba.

Kada mu sa rai za mu ga canji cikin wata ɗaya. Karfasa da tarwaɗa suna saurin hayayyafa, saboda haka su za a fara gani. Manyan kifaye sukan ɗauki shekaru. Akwai kuma abubuwan da hurumi ba zai iya gyarawa ba, kamar ƙarancin ruwan sama ko gubar da ta gangaro daga wani gari. Shi ya sa yake da kyau idan ƙauye ɗaya ya fara, ya gayyaci maƙwabta ranar buɗewa su gani da idonsu.

Tambayoyin tattaunawa

Muna roƙon a karanta wannan bayani a taron maza, da zumuntar mata, da na matasa, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Sa'an nan a tattauna waɗannan:

Waɗanne irin kifaye ne iyayenmu suke kamawa waɗanda ba mu gani yanzu?

Akwai gurbin da ake hana su a garinmu a dā? Wa yake riƙe da dokar, me ya sa aka daina bin ta?

Su wane ne suke amfani da ruwanmu, wa muke yawan mantawa da shi idan ana shawara?

Me muke zubawa a ruwa wanda ba za mu so na sama da mu ya zubo mana ba?

Idan muka keɓe wuri, wa zai yi rashi a shekarar farko, yaya za mu taimake shi?

Ruwan nan amana ce a hannunmu. Mun same shi da kifi a ciki, ya kamata 'ya'yanmu su ma su same shi haka. Duk ƙauyen da ya yi shawara yana so mu zo mu zauna tare, ya aiko mana da saƙo ta hannun shugabanninsa, za mu sa shi cikin zagaye na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.